Resilin: Tun Yaushe Ake Sanin Wanda Zai Ɗaga Kambu?

Tambayar wannan makon daga Kazaure ta zo, daga wani ɗalibi ɗan Gwiwa da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu. Ya ce su uku ne a ɗaki, kuma dukkansu mayun kallon resilin ne. Na Roni ya kafe cewa komai a rubuce yake tun shekara biyu ko uku da suka wuce, har wanda zai ɗaga kambu baɗi an riga an san shi. Na Babura ya ce ina, ai ranar wasa ake yanke shawara, wanda 'yan kallo suka fi yi wa sowa shi ake ba. Mai tambaya yana so a raba musu gardama: labarin da muke gani a resilin, tun da nisa ake tsara shi, ko kuwa ana tafe ana ƙirƙira? Ya haɗa da 'yar ƙaramar tambaya, wai dambe da kokawar da ake yi a garuruwanmu bayan kaka, su ma akwai irin wannan tsari?

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Ka gaishe mini da abokan naka, ka ce kowannensu ya kamo gaskiya, sai dai ba wanda ya kamo ta gaba ɗaya.

Bari mu fara share fage saboda waɗanda ba su saba kallo ba. Resilin irin na kamfanin WWE wasan kwaikwayo ne da ake yi da ƙarfin jiki. Kafin mutum biyu su hau dandali an riga an gaya musu wanda zai yi nasara, da yadda wasan zai ƙare, da mintunan da aka ware musu. Kamfanin da kansa ya faɗa: a 1989, lokacin yana amsa sunan WWF, ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey ta Amurka cewa nishaɗi yake sayarwa, don a fitar da shi daga ƙarƙashin hukumar da ke sa ido kan wasannin gasa. Amma kada a ɗauka ciwon ma na wasa ne. Faɗuwar ta gaske ce, karayar ma haka, kuma za ka ga cewa ciwon nan yana cikin manyan abubuwan da ke dagula wa marubuta lissafi.

Marubutan ma'aikata ne masu albashi, da mutum ɗaya a samansu wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Shekara 40 Vince McMahon ya yi a wannan kujera, har zuwa Yulin 2022 da mijin 'yarsa, Triple H, ya karɓi ragamar tsara labari. Aikinsu shi ne su raba 'yan wasa gida biyu, akta da bos kamar yadda muke cewa a gidan kallo, su ƙulla gaba a tsakani, su yi ta jan rai har mutane su ƙosa su ga ranar ramuwa. A wannan ƙosawar kuɗin yake.

Masu tsari mai nisa daga ƙarshe suke farawa. Sukan zauna su ce, a WrestleMania mai zuwa, wato babban taron shekara da ake yi wajen Maris ko Afrilu, wane da wane za su kara, wane ne zai ɗaga kambu. Sannan su dawo baya suna jera abubuwan da za su kai su can. Misalin da tsofaffin 'yan kallo ba sa mantawa shi ne na Hulk Hogan da Randy Savage. A Maris ɗin 1988 Savage ya ci kambu da taimakon Hogan, suka zama aminai, ba a jin kansu. Akwai mace a tare da su, Elizabeth, wadda ke rako Savage dandali, kuma matarsa ce a zahiri a lokacin. Sai aka fara dasa ƙananan abubuwa. An ci wasa ana murna, Hogan ya ɗaga Elizabeth sama, kyamara ta ɗan tsaya a fuskar Savage yana harararsa, aka wuce ba wanda ya ce uffan. A Janairun 1989, cikin turmutsitsin Royal Rumble, wasan da ake jefo juna waje ta saman igiya, Hogan ya jefo Savage kamar bisa kuskure. A Fabrairu, suna tsakiyar karawa da wasu ƙarti biyu, Elizabeth ta ji ciwo, Hogan ya sungume ta ya yi ɗakin magani da ita, ya bar amininsa shi kaɗai yana shan jibga. Da ya dawo, Savage ya wanka masa mari. Afrilu na zuwa suka kara a WrestleMania, a zauren da Savage ya ci kambun bara, Hogan ya karɓe. Shekara guda cur aka yi ana hura wutar kishin nan, shi ya sa ranar da ta kama ba wanda ya tambayi dalili. Abokinka na Roni irin wannan yake nufi, kuma yana da hujja.

Sai dai zamanin ya taimaka musu. A 1989 manyan taruka 4 kacal kamfanin ke yi a shekara, manyan 'yan wasa kuma ba kullum suke haɗuwa a talabijin ba. Tun da aka fara shirin Raw a Janairun 1993, aka ƙara da SmackDown a 1999, abin ya zama na kowane mako, ga babban taro kusan kowane wata. 'Yan ƙwallo suna da hutun ƙarshen kaka, su waɗannan babu. Wanda zai cika sa'o'i da yawa duk mako, shekara da shekaru, da mutanen da ke faɗowa daga kan tsani, ba yadda za a yi ya rubuta komai tun shekara uku baya kuma ya tafi yadda ya rubuta. Wani zai karye, wani kwantiraginsa zai ƙare ya koma wani kamfani, wani rashin lafiya za ta kwantar da shi. A Oktoban 2018 Roman Reigns ya fito gaban jama'a ya ajiye kambunsa saboda cutar sankarar jini da ta dawo masa, duk abin da aka shirya a kansa ya rushe a dare ɗaya.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga irin wannan. Duk mai bin shirin Labarina na Aminu Saira, wanda aka fara haskawa a Arewa24 a 2020, ya san abin da ya faru. Da Nuhu Abdullahi ya bar shirin, Mahmud ya mutu a cikin labari. Da Nafisa Abdullahi ta bari a 2022, ba a kashe Sumayya ba, sai Fati Washa ta hau matsayin. Hanya biyu ke nan da mai dogon labari ke da su idan ɗan wasa ya tafi: ya kawar da mutumin daga labarin, ko ya sauya fuska. A resilin hanya ta biyu ba ta cika ɓullewa ba. An gwada a 1996, da wasu manyan 'yan wasa biyu, Diesel da Razor Ramon, suka koma kamfanin hamayya na WCW. Aka samo wasu aka sa musu kayansu, aka laƙaba musu sunayensu, 'yan kallo suka ce ba su san zance ba. Abin dariya, wanda ya yi Diesel na jabu shi ne daga baya aka rufe wa fuska ya zama Kane, ƙanin Undertaker a labari.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi wannan girma. Daraktan fim sai ya gama ɗauka, an tace, an haska, sannan yake jin ra'ayin mutane. A resilin masu kallo suna cikin fim ɗin, dubbai, kuma muryarsu na fita kai tsaye. Idan aka fito da wanda aka tsara ya zama akta, zauren gaba ɗaya ya ɗauki "ba ma yi", duniya na ji. A nan abokinka na Babura ya shigo da tasa hujjar.

Ɗauki labarin Kofi Kingston, haifaffen Kumasi ta ƙasar Gana. Shekara 11 ya yi a manyan shirye-shiryen kamfanin yana sa mutane dariya, yana cin ƙananan kambuna, ba wanda ke lissafa shi cikin masu ɗaga babba. Da farko ma cewa aka yi shi ɗan Jamaika ne. A Fabrairun 2019 wani ɗan wasa mai suna Mustafa Ali ya ji ciwo ana saura kwanaki a yi wani babban wasa, aka rasa mai cike gurbi, aka ce Kofi ya shiga. A daren da aka sa shi, ya yi sama da awa guda a dandali yana karawa da mutane ɗaya bayan ɗaya. Jama'a suka tashi tsaye. Mako na gaba sowar ta ƙaru, na gaba ta ninka. Faɗuwa ta zo daidai da zama, marubuta suka ajiye abin da ke hannunsu suka bi jama'a. Dubi kuma dabarar da suka yi: ba su miƙa masa kambu nan take ba. Sai suka sa Vince McMahon, a matsayinsa na mugun mai gida a cikin labari, ya riƙa datse masa hanya duk mako, yau a cire shi daga wasa, gobe a ƙaro masa abokin karawa bayan ya gama da kowa. Ran 7 ga Afrilun 2019 ya kayar da Daniel Bryan a WrestleMania ya ɗaga kambu. Daga baya ya kai shi Gana, ya gaida shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, da Sarkin Asante. Duk abin bai kai wata biyu ba daga ciwon Ali zuwa ɗaga kambu, amma sai da suka ɗaure shi a kan shekara 11 na haƙurin Kofi, ya fito kamar tun can aka shirya.

Ƙarshensa kuma darasi ne ga mai son fahimtar yadda kamfani ke tunani. A Oktoban shekarar, daren da SmackDown ya koma tashar Fox, Brock Lesnar ya kayar da Kofi cikin ƙasa da daƙiƙa 10. An ba jama'a abin da suka nema na wata 6, sannan aka koma kan tsohon lissafi.

Shi kansa Daniel Bryan ta wannan ƙofar ya shigo a 2014, lokacin da aka ba Batista nasarar Royal Rumble 'yan kallo suka ƙi, har sai da aka cusa Bryan cikin babban wasan shekarar ya ci. Haka a Fabrairun 2024, da The Rock ya dawo aka nuna shi zai karɓe gurbin Cody Rhodes, mutane suka yi ca a zaure da intanet, cikin mako guda aka mayar wa Cody gurbinsa, The Rock ya rikiɗe ya zama bos.

Ƙirƙirar nan take tana da wani mataki da abokanka ba su ambata ba, wato cikin dandalin kansa. Ƙarshen wasa da manyan wuraren da za a yi abin mamaki akan shirya su a bayan fage, sauran kuwa sau da yawa 'yan wasan ne ke tsarawa suna cikin yi. Nan gaba in kana kallo, ka lura da lokacin da ɗaya ya maƙale wuyan ɗaya sun durƙusa kamar suna hutawa, kai ya sunkuya, gashi ya rufe baki. Galibi magana suke yi: jefa ni igiya, ka kauce, in dawo ka ɗauke ni. Alƙalin wasa kuma akwai 'yar na'ura a kunnensa, daga bayan labule ake gaya masa saura minti kaza, shi kuma ya matso kamar yana duba lafiyar wanda ke ƙasa, ya raɗa musu. 'Yan wasan ma hali ya bambanta. Savage mutum ne mai son a jera komai dalla-dalla, wasansa da Ricky Steamboat na 1987 sai da suka haddace shi taki-taki kafin ranar. Wasu kuwa sai sun ji numfashin zaure. A Toronto ta Kanada a 2002, an shirya Hogan ne bos, The Rock ne akta, amma da suka tsaya suna kallon juna sai jama'a suka bi Hogan. Kiɗa ya canja, rawa ta canja: Hogan ya riƙa yin abubuwan da aka san shi da su yana akta, The Rock ya ƙara zafin hannu kamar mugu. Wanda aka tsara ya ci shi ya ci, The Rock, amma yadda aka bi aka kai can a wurin aka gyara shi.

To wanne ya fi? Kowanne yana da yadda yake lalacewa. Kamfanin WCW ya ɗanɗana duka biyun. Daga ƙarshen 1996 suka sa ɗan wasansu Sting ya daina magana, ya daina wasa, ya shafa fari da baƙi a fuska, sai dai a hango shi can saman rufin zaure riƙe da kulki yana kallon Hogan da yaransa. Sama da shekara aka yi ana jira. Ranar haɗuwa, a Disambar 1997, kamfanin ya yi cinikin da bai taɓa yin irinsa ba. An shirya alƙalin wasa zai yi saurin ƙirga uku don a ga an cuci Sting, sannan a sake wasan. Sai ya ƙirga daidai yadda aka saba. Kowa ya ga Hogan ya kayar da Sting ba ha'inci, aka kuma ce wai a sake. Ginin wata 15 ya tsage a daƙiƙa uku. Bayan shekara biyu suka ɗauko marubuci Vince Russo, mai aƙidar cewa kowane mako sai an girgiza mai kallo. Kambu ya riƙa yawo hannu zuwa hannu, har wani ɗan fim, David Arquette, ya ɗaga shi a Afrilun 2000, Russo ma ya ba kansa a Satumba. Idan kullum mamaki ake ba ka, sai ka daina mamaki. A Maris ɗin 2001 McMahon ya saye kamfanin. Ba labari kaɗai ya kashe shi ba, akwai asarar kuɗi da janyewar tashar da ke haska shi, amma 'yan kallo sun riga sun watse kafin nan. Shi ma McMahon, tsofaffin ma'aikatansa da dama sun ba da labarin yadda yakan yi watsi da rubutun shiri ana saura sa'o'i a fara, a sake sabo.

In ka tambaye ni, na fi karkata ga na Roni, da sharaɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma tsarin da nake yabo shi ne irin na direban da ya yi lodi a Babura ya san a Kano zai sauke: in ruwan damina ya cinye hanya zai zaga, in ya ga fasinja a bakin titi zai tsaya ya ɗauka, tashar dai ba ta sauya ba. Labarin Roman Reigns da danginsa haka ya tafi. Ya riƙe kambu kwana 1,316, daga Agustan 2020 zuwa Afrilun 2024. A tsakiya Sami Zayn ya shigo a matsayin ɗan kanzagi mai cusa kai cikin dangin da ba nasa ba, abin ban dariya, jama'a suka so shi, aka ja zarensa har ranar da ya maka wa Roman kujera a baya a Janairun 2023. Aka ba shi wasansa a garinsu Montreal, amma ba a ba shi kambu ba. Cody ma da ya zo a Afrilun 2023 kayar da shi aka yi, mutane suka yi ta fushi, sai bayan shekara guda aka ba shi. Mai ƙarshen labari a hannu shi ke iya sanin wace sowa zai bi, wacce zai bari ta wuce. Hattara dai da abu ɗaya: idan labari ya yi kyau, kamfani yakan fito ya ce ai tun farko haka muka tsara. Ba kullum nake saye ba.

Mu dawo gida, kan tambayarka ta biyu. A dambe akwai haɗa wasa, wato masu gidan dambe su duba wa za a sa wa zare da wa, ɗan Kudu da ɗan Arewa ko na Guramaɗa, su ja rai kafin a haɗa manya biyu don gida ya cika. Wannan ɓangaren ya yi kama da aikin marubutan resilin. Daga nan kamanceceniyar ta ƙare. Da zarar an ɗaga hannu ba mai sanin wanda zai kai ƙasa. Sai a yi makonni ana jiran karo, a zo a yi turmi uku babu kisa, alƙali ya raba, kowa ya kama gabansa. Inda kuɗi ya shiga akan ji zargin an sayar da wasa, amma a wurinmu wannan ha'inci ne da abin kunya, alhali a resilin shi ne sana'ar, kowa ya sani. Haka kokawar takobi ta Nijar, wadda mutanen bakin iyaka irin na Babura suka sani sarai: tun 1975 ake yin ta, jihohi 8 kowacce da 'yan kokawa 10, kuma ba wanda ya rubuta wa Issaka Issaka na Dosso yawan takubban da ya ɗauka. Labarin 'yan dambenmu bayan an yi wasa ake gina shi, a bakin makaɗa da 'yan kallo. Da yawa daga waɗanda suka san sunan Shago a yau ba su taɓa ganin dambensa ba, ta bakin Ɗan Anace suka san shi.

In kuna son ku riƙa gane wa kanku wanne labari aka tsara, wanne aka yi wa faci, ku riƙa waiwaye. Idan amini ya juya wa amini baya, ku tuna watannin da suka wuce: an taɓa nuna harara, ko wata magana da aka bari a rataye? In akwai, tsari ne. Idan kuwa mutum ya kwana akta ya tashi bos ba sanadi, ko aka fara wata rigima da zafi sannan aka daina ambatonta kamar ba a yi ba, an sauya shawara a bayan fage. Dubi na John Cena. A Maris ɗin 2025, bayan shekara sama da 20 yana akta, ya juya ya rufe Cody Rhodes da duka bisa umarnin The Rock, duniya ta ɗauka. A Afrilu ya ci kambunsa na 17, amma The Rock, wanda a kansa aka ɗora dalilin juyawar, bai zo taron ba, bai kuma sake bayyana cikin labarin ba. Ran 1 ga Agusta, saura kwana 2 ya sake karawa da Cody, Cena ya fito ya ce ya dawo hanya, ya koma akta, ya je aka karɓe kambun.